Yadda ake kafa ofishin kula da dukiyar iyali, a tafiyar da shi ba tare da 'yan uba sun maka juna a kotu ba

Abin da ake ce wa famili ofis ba wani abin mamaki ba ne, ofis ne guda da ma'aikatansa da littattafansa wanda ba shi da kwastoma sai gida ɗaya. Aikinsa ya san me gidan nan ya mallaka, ina takardun suke, wa ake bi bashi wa ke bin gidan, nawa ke fita duk wata, ina za a zuba rarar kuɗi, sannan in mai gida ya kwanta dama me zai faru washegari. Attajirin man fetur na Amurka John D. Rockefeller ya buɗe irin wannan ofis tun 1882, Bill Gates yana da nasa mai suna Cascade Investment wanda Michael Larson ke riƙe da shi tun 1994, a 2024 kuma aka ruwaito Aliko Ɗangote zai buɗe nasa a Dubai 'yarsa Halima ta jagoranta. Mu ma dai matsalar ba baƙuwarmu ba ce, an ruwaito cewa kafin Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955 sai da ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasicci su haɗa kai kar su bari kamfanin ya watse.

Ni a ganina zuba jari shi ne ɓangare mafi sauƙi, ana iya ɗauko ƙwararre a biya shi ya yi. Mai wuyar shi ne a rubuta wa ke yanke hukunci a kan me, kuma a rubuta tun Alhaji yana raye yana da ƙarfin da zai tsawatar a ji. Duk matakan da ke ƙasa can suka dosa.

Mataki na farko: ka duba ko ma kana buƙatarsa

Cikakken ofis mai manajan jari da lauya da akantoci na dindindin yana cin kuɗi sosai, a ƙasashen waje lissafin da aka saba yi shi ne sai dukiya ta doshi dala miliyan 100 kafin ya biya kansa, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Dubai wato DIFC ma sai iyali na da dala miliyan 50 kafin ta yi musu rajista a wannan matsayin. In ba ku kai nan ba ba laifi, akanta ɗaya mai amana da sakatare da ɗaki guda mai makulli sun isa farawa, lauya da odita a riƙa ɗauko su daga waje in buƙata ta taso. Alamar cewa lokaci ya yi ita ce in aka tambayi mai gida yawan filayensa sai ya yi shiru ya ce bari a kira wane.

Mataki na biyu: ƙidaya, kuma nan ne aikin yake

A ware wata biyu ko uku ba a yin komai sai tono takardu. Kowace kadara layi ɗaya a rajista: mece ce, tana ina, sunan wa ke kan takarda, ina ainihin takardar take, an jinginar da ita a banki ko a'a, wa ke karɓar haya, yaushe aka biya kuɗin ƙasa na ƙarshe. Ginshiƙi na ukun nan, sunan wa ke kan takarda, shi zai tayar maka da hankali. Za ka tarar da fili da sunan direba saboda ranar da aka saya shi aka aika, gida da sunan ƙanin Alhaji don a lokacin ba a so a san nasa ne, shago a kasuwa da ba shi da komai sai takardar ciniki da dillali ya rubuta da biro shaidu biyun kuma duk sun rasu, tirela uku da sunan wani kamfani da aka daina sabunta rajistarsa tun tuni. Duk wannan a gyara yanzu, don Alhaji na raye direba zai sa hannu yana murmushi, amma bayan ransa 'ya'yan direban ne za su ce babanmu ya bar mana fili kuma takarda na bayansu. Ka tuna a dokar filaye ta 1978 mayar da fili mai satifiket zuwa wani suna sai da amincewar gwamna, a Abuja kuma ministan babban birnin tarayya, ana bi ta ofisoshin rajistar filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, kuma abin yana ɗaukar lokaci da kuɗi, saboda haka a sa shi a kasafi.

Kar a manta tsofaffin satifiket ɗin hannun jari da ke cikin jaka a ƙarƙashin gado, da yawa ribarsu na can ta taru wajen rajistara ba wanda ya karɓa, a mayar da su asusun CSCS, wato ma'ajiyar hannun jari ta kwamfuta, a cike fom ɗin da ribar za ta riƙa faɗowa banki kai tsaye. Sai bashi, na baki ɗin nan da aka bai wa aboki a masallaci da wanda aka karɓo, da ajiyar mutane da ke hannun Alhaji. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, to wanda ya ce rubutu rashin yarda ne sai a karanta masa. In an gama a ɗauki hoton kowace takarda a kwamfuta, ainihin kuma a sa a sef mai jure gobara, mutum biyu su san yadda ake buɗewa.

Mataki na uku: a raba aljihu

Aljihun kamfani daban, na dukiyar iyali daban, na cefanen gida daban, na Alhaji shi kaɗai daban. Kamfani ya biya riba zuwa asusun iyali sau ɗaya ko biyu a shekara, daga nan ake fitar da alawus ɗin kowane ɗaki da kuɗin makaranta da asibiti. Daga ranar an daina yaro ya shiga gidan mai ya ce wa manaja Baba ya ce a ba ni dubu 500. Alhaji da kansa a yanka masa albashi, eh zai yi dariya ya ce kuɗina ne, amma in shi bai bi layi ba ba wanda zai bi.

Mataki na huɗu: uwar kamfani, da maganar gado

A yi rajistar kamfani guda a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC wanda ba ya saye ba ya sayarwa, aikinsa kawai ya mallaki sauran kamfanonin da manyan kadarori, 'yan gida kuma su mallaki hannun jarinsa. Dalilin shi ne gado dole ne a raba shi yadda Allah ya ce, ba wani lauya da zai zagaye wannan, amma ba dole ba ne a raba injin. In aka raba masana'antar shinkafa wannan ya ɗau janareta wancan ya ɗau sito ɗayan ya ɗau motoci, kowa ya samu rabonsa amma masana'anta ta mutu, kamar a yanka saniyar tatsa ne a raba nama. In hannun jari aka raba kowa ya samu haƙƙinsa cif kuma injin na ci gaba da juyawa.

Bari mu buga misali. A ce uwar kamfanin tana da hannun jari 8,000,000 duk na Alhaji, ya rasu ya bar mata 2, 'ya'ya maza 3, mata 4, iyayensa sun riga shi, an biya bashi kuma bai bar wasiyya ba. Matan aure suna da tumuni wato 1,000,000, kowacce 500,000. Saura 7,000,000 a kasa kashi 10 tunda namiji na da rabon mata biyu, kowane ɗa namiji 1,400,000, kowace 'ya 700,000. To kalli abin da ya fito, mazan nan uku in suka haɗa baki suna da 4,200,000, sun wuce rabi, kenan in da rinjaye kawai ake yanke hukunci za su iya sayar da komai ko su hana raba riba shekara goma suna biyan kansu albashin darakta, 'yan'uwansu mata da iyayen gida suna kallo. Shi ya sa za a rubuta a dokokin kamfanin cewa manyan abubuwa, sayar da babbar kadara, cin bashi mai yawa, ƙara hannun jari, canja tsarin rabon riba, sai da kashi 75 cikin 100. A misalinmu 6,000,000 kenan, dole mazan su shawo kan 'yan'uwansu mata uku, ko biyu da ɗaya daga cikin matan Alhaji. Nan take magana ta koma lallashi.

Sai ƙofar fita, wadda mutane ke mantawa. Dole wani zai so kuɗinsa a hannu, ko zai gina gida ko mijinta ya matsa ko kawai ba ya son haɗa komai da 'yan uba, kuma haƙƙinsa ne, in ka kulle shi kotu zai nufa. A rubuta cewa mai son sayarwa zai fara tallata wa 'yan gida, mai ƙima na waje ne zai faɗi farashi ba yaya babba ba, kuma ana iya biyansa kashi-kashi cikin shekara biyu ko uku don kar a girgiza kamfani. Iyalan kamfanin Hermès na Faransa sun ga amfanin irin wannan, a 2010 suka wayi gari babban kamfanin kayan alatu na LVMH ya tattara kaso mai tsoka na kamfaninsu a ɓoye, sai a 2011 suka zuba sama da rabin hannun jarin a kamfani guda mai suna H51 suka ɗaure kansu ba sayarwa tsawon shekara 20.

Wanda yake so ya fara rabawa tun yana raye ta hanyar kyauta yana iya yi. Sam Walton mai Walmart tun 1953 ya ba kowane cikin 'ya'yansa huɗu kashi 20 na dukiyar iyali, shi da matarsa suka riƙe 20, tun kafin ma a buɗe Walmart ɗin farko a 1962. Amma a wajenmu akwai sharuɗɗa: a yi adalci tsakanin 'ya'ya, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a kan haka yake, wanda aka ba ya karɓa a hannunsa da gaske wato sunansa ya hau rajistar kamfani ribar ta riƙa shiga asusunsa, ba kyautar baki ba, kuma a yi da lafiya, don kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Ka zaunar da lauyan kamfani da malamin da ya san gado a tebur ɗaya rana ɗaya, kar ka gan su daban-daban, kowa zai ba ka amsar da ta yi daidai a fanninsa amma ba su haɗu ba.

Mataki na biyar: kundin dokar gida

Wasu malaman jami'ar Harvard biyu, Renato Tagiuri da John Davis, sun zana da'ira uku masu shiga juna: dangi, masu mallaka, masu aiki a kamfani. Amfanin zanen shi ne ka gane mutum da wace hula yake magana. Yaya da ke manaja yana so a bar riba a faɗaɗa kamfani, ƙanwarsa da ke aure a Gombe ba ta aiki a ciki tana so a raba, ba wanda ya yi laifi, kowa daga inda yake zaune yake hange. To kowace da'ira a ba ta wurin maganarta.

Taron dangi gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, ranar da ta fi sauƙi ita ce kwana biyu ko uku bayan Sallah tunda kowa na gari, a karanto lissafi da Hausa ba da turancin akanta ba. Majalisar iyali ta mutum biyar zuwa bakwai tana zama duk wata uku, kowane ɗaki da wakilinsa, kuma mata a ciki da bakinsu ba ta bakin mazajensu ba. Sai hukumar daraktocin uwar kamfani, a nan lallai a sa mutum biyu na waje waɗanda ba sa cin abinci a gidan, tsohon ma'aikacin banki ko gogaggen akanta, wanda zai iya kallon Alhaji ya ce ranka ya daɗe wannan cinikin ba zai yi ba, ya tafi gidansa ya yi barci lafiya.

Kundin ya amsa tambayoyin da ake jin nauyin yi. Ɗan gida zai yi aiki a kamfani? Da wane sharaɗi? Ni dai zan ce sai ya gama karatu ya yi shekara uku yana aiki a wani wuri inda ba a san babansa ba, ya shigo a kan gurbin da ake da shi da albashin da za a ba bare, kuma kar ya zama a ƙarƙashin wanda suke ciki ɗaya. Surukai fa, suna shiga mitin? Ana ba su kwangila? Wa ke biyan lefe da kayan ɗaki, har nawa, kuma iri ɗaya ne ga kowane ɗaki? Karatu a waje har wane mataki? Wanda ya zo da shawarar kasuwanci ana ba shi jari kyauta ne ko bashi ko haɗin gwiwa? Wanda ya shiga siyasa zai taɓa asusun iyali? Amsar wannan ta ƙarshe a'a ce, a rubuta ta da manyan baƙaƙe. In rigima ta tashi a fara da majalisa, in ta gagara a je wajen masu sulhu uku da aka rubuta sunayensu tun ana dariya, kotu ce ƙarshe. Dhirubhai Ambani mai kamfanin Reliance na Indiya ya rasu a 2002 bai bar wasiyya ba, 'ya'yansa Mukesh da Anil suka yi ta ja-in-ja a bainar jama'a har sai da mahaifiyarsu ta raba musu kamfanonin a 2005, kuma waɗannan fa uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Mataki na shida: ma'aikata da makullai

Shugaban ofis ya fi kyau ya zama bare mai albashi mai kyau, wanda za a iya sallama ba tare da an daina gaisawa a gidan biki ba. Ƙa'idar kuɗi guda ce: wanda ya rubuta bauca ba shi zai amince ba, wanda ya amince ba shi zai tura kuɗin ba, wanda ya tura ba shi zai daidaita lissafin banki a ƙarshen wata ba. A sa iyaka, misali ƙasa da miliyan 5 shugaban ofis da akanta, zuwa miliyan 50 sai darakta ya sa hannu, sama da haka sai hukuma ta zauna, ku daidaita alƙaluman da girmanku. Duk umarnin biya da ya zo ta WhatsApp ko da muryar Alhaji ce a kira shi a lambar da aka sani kafin a taɓa komai, yanzu ana kwaikwayon murya da na'ura. Alat ɗin kowane asusu ya riƙa shiga waya biyu. Odita na waje duk shekara, kuma rahotonsa majalisa zai kai wa ba shugaban ofis ba. Wanda ya shekara biyar bai taɓa yarda ya tafi hutu ba a tilasta masa ya tafi wata guda wani ya zauna a kujerarsa, ba zargi ba ne, tsari ne.

Mataki na bakwai: takardar manufar jari

Shafi biyu sun isa. Nawa za a ajiye a hannu, aƙalla kuɗin hidimar gida na shekara guda zuwa biyu. Kashi nawa a gidaje da filaye, nawa a hannun jari, nawa a sukuk wato takardun jari marasa ruwa, nawa a kuɗin waje. Me aka haramta, in gidan ba ya cin ruwa a rubuta, ga bankuna irin Jaiz da TAJ da Lotus, ga sukuk ɗin gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 da naira biliyan 100. Duk wanda za a damƙa wa kuɗi a duba yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Darasin 2023 bai kamata a manta ba, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni, a 2024 ta haura 1,500, wanda duk dukiyarsa naira ce a ajiye ya tashi da kusan sulusin abin da yake da shi a lissafin dala bai kashe ko sisi ba. Kuma kar a jibge a banki ɗaya, inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, naira miliyan 5 ce ga mai ajiya, masu manyan kuɗi a bankin Heritage da aka soke lasisinsa a Yunin 2024 sun san zafin jira.

A sa iyakar bashi da iyakar abin da za a zuba a abu guda. Archegos ofishin iyali ne na wani mai suna Bill Hwang a Amurka, mutum ɗaya ke yanke komai, ya ciwo bashi mai yawa ya zuba a kamfanoni ƙalilan, a Maris 2021 cikin 'yan kwanaki komai ya rushe, bankuna suka yi asarar sama da dala biliyan 10, shi kuma aka yanke masa shekara 18 a 2024.

In akwai kadara a waje a nemi lauyan can. Gida a Landan harajin gado na Ingila kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000, kuma tun 2017 ɓoye gidan a bayan kamfanin wata ƙasa ba ya hanawa. A Amurka baƙon da ba mazauni ba dala 60,000 kawai ake yafe masa, har hannun jarin kamfanonin can yana ciki. A gida ma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun sa dole akantanku ya sake zama ya duba tsarin.

Mataki na takwas: zakka da masu zuwa ƙofa

A tsayar da rana guda ta watan Musulunci don lissafin zakka, ɗaya cikin arba'in na kuɗi da kayan sayarwa in sun kai nisabi, kuma a tuna zakka a kan kowane mai mallaka take, to ofis ya ba kowa takardar abin da ya hau kansa. Taimakon dangi da masu neman agaji a yi masa kasafi da ɗan kwamiti, ba don a rage alheri ba, don kar ya zama wanda ya fi iya kuka ko ya fi kusa da direba shi ke samu. Mai son abin ya ɗore ya yi waƙafi da wasu gidajen haya, Sulaiman Al Rajhi na Saudiyya tun yana raye ya raba wa iyalinsa wani kaso ya mayar da kaso mai yawa waƙafi. Sai dai kar a fake da waƙafin iyali a cire 'ya'ya mata, malaman Malikiyya sun tsananta a kan wannan.

Mataki na ƙarshe: gwajin ba ya nan

Asusun mutum na kansa banki na rufe shi da zarar ta ji rasuwa sai an kawo takardar kotu, abin da kan ɗau watanni, wakilcin da ya ba wani ma ya faɗi da rasuwarsa. Asusun kamfani ba ya rufuwa, muddin akwai wasu masu sa hannu, to a tabbatar akwai su tun yau. A rubuta takarda guda a ba mutum biyu: wa zai riƙe kujera na wucin gadi, lambar lauya da akanta da manajan banki, ina makullin sef, wa ya san lambar buɗe wayar da saƙon banki ke shigowa, daga wane asusu za a biya albashi da cefane na wata shida. Sannan a gwada. In Alhaji ya tafi Umara a roƙe shi ya kashe wayar kasuwanci sati biyu, duk abin da ya tsaya cak saboda ba ya nan a rubuta shi, wannan jerin shi ne ajandar zaman majalisa na gaba.